Kundin Atisayenmu: Neman Fuskar Inna

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka fara zama a kan sabon wasan, mu tara, a wani aji da aka ara mana a Runjin Sambo, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Labarin ba shi da tsawo. Wata uwa ce a cikin garin Sakkwato, ɗanta na fari, Bello, ya bi ta Illela ya ƙetara Ƙonni, ya wuce Agadas da niyyar shiga Libiya neman kuɗi. Shekara biyu ba amo ba labari. Rana ɗaya direban da ya ɗauke shi ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da jakarsa. Duk wasan a kan wannan sallamar ya rataya.

A nan zan riƙa kiran 'yan wasan da sunan da suke fitowa da shi: Inna, Kawu, Amarya, Direba da Auta. Ko a wurin atisaye haka muke kiran juna.

Karatun farko bai kwanta mini ba. Direba na ajiye jakar, Inna ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, Amarya ta zube tana birgima, Kawu ya zare ido yana girgiza kai. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba wanda tsikar jikinsa ta tashi, har su masu yin. Na sha zuwa gidan rasuwa a garin nan, ban taɓa ganin uwa ta yi haka a kan ɗan fari ba. A talabijin suka ga wannan kukan.

Da safe ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, don haka na kawo shawara: kowane zama mu ware rabin sa'a mu duba abin da masu bincike suka gano game da fushi da tsoro da baƙin ciki a jikin ɗan Adam, sannan mu tashi mu gwada shi da jikinmu. Sun amince. Burinmu mu nuna wasan kafin azumi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na ce kowa ya faɗi kalmar da ya sani ta abin da mutum ke ji a ransa, Auta na rubutawa a allo. Kafin minti goma allon ya cika: farin ciki, baƙin ciki, ɓacin rai, faɗuwar gaba, takaici, haushi, fargaba, razana, ƙyama, kishi, kewa, tausayi, kunya, sanyin jiki, tafasar zuciya. Kawu ne ya lura da cewa kusan rabinsu suna nuna wani wuri ne a jiki. Ciki ne ke yin fari ko baƙi, gaba ce ke faɗuwa, ido ne ke kaɗawa ya yi ja.

Nan na kawo musu William James, wani malami a Amurka da ya yi rubutu a 1884. Kowa na ɗauka mutum kan ji tsoro ne tukuna, sai jikinsa ya ɗauki rawa. Shi kuwa ya juya zancen, ya ce jikin ne ke fara rawa, jin wannan rawar shi ne tsoron. Masana sun daɗe suna ja da shi, Walter Cannon ya kawo hujjoji masu ƙarfi a kansa a 1927, amma har yau ba a iya raba jiki da zancen ba. Faɗuwar gaba ma abu ne da ke faruwa zahiri: in mutum ya razana sinadarin adirenalin kan kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya ragu a hanji ya koma ga tsokar hannu da ƙafa. Bahaushe ya ji wannan a cikinsa ya raɗa masa suna tun kafin a ƙera abin auna shi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ranar madubi. Amarya ta kawo na ɗakinta, muka jingina shi a jikin allo.

Akwai wani likitan jijiyoyi a Faransa, Duchenne, wanda ya riƙa taɓa tsokokin fuskar mutane da lantarki kaɗan yana ɗaukar hoto, ya buga hotunan a 1862. Darwin ya yi amfani da wasunsu a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke nuna abin da suke ji. Duchenne ya lura murmushi iri biyu ne. Akwai tsokar da ke jan gefen baki sama, kowa na iya motsa ta duk lokacin da ya so. Akwai kuma wadda ta zagaye ido, mai ɗaga kumatu ta tattare fatar gefen ido, wannan ba ta cika bin umarni ba, sai daɗi ya zo da gaske.

Ina cikin bayani Inna ta katse ni: "Malam, ai wanga shi na yaƙe." Gaskiyarta. Mu da muke da kalma guda ta dariyar da ba ta kai zuci ba, ba mu buƙaci lantarki ba.

Muka gwada. Na sa Auta ya rufe bakinsa da littafi, ido kawai muke gani, ya yi mana murmushi sau biyar, mu ce wanne ne na gaske. Huɗu na farko idonsa fayau, kamar na mai jiran mota. Kafin na biyar Direba ya raɗa masa wani abu a kunne, sai ga ƙasan idon ya kumbura, gefen ya tattare, girarsa ta ɗan sauko. Duk ajin ya ce wannan ne.

Amfaninsa gare mu yana fitowa ta biyu, inda maƙwabta ke zuwa barka da sallah suna tambayar labarin Bello. A nan yaƙe muke so daga Inna, baki na dariya ido na wani wuri. Ta yi shi sau ɗaya yau, na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi.

Laraba, 30 ga Oktoba

Wannan makon na Paul Ekman ne, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. Shi da abokin aikinsa Wallace Friesen sun je wurin mutanen Fore a tsaunukan Papuwa Niyu Gini a ƙarshen shekarun 1960, mutanen da ba su saba da fim ko mujalla ba, suka nuna musu hotunan fuskoki. Daga nan suka tsaya a kan cewa akwai fuskoki shida da duk duniya ta sani: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 suka fitar da tsarin da ya ba kowane motsin fuska lamba, wanda har masu zanen katun ke amfani da shi.

Muka ɗauki Direba hoto shida da waya, kowanne da fuskarsa kamar yadda aka siffanta, muka kai teburin mai shayi a Gawon Nama bayan isha'i. Ba mu ba kowa zaɓi ba, tambaya ɗaya ce: me ke damun mutumin nan? Murna ba gardama. Ta fushi kuwa wani ya ce rana ce ta dake shi a ido, wani ya ce bashi ake binsa. Ta tsoro wani dattijo ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Wanga faɗa shika nema." Mutum goma sha ɗaya ba bincike ba ne, amma na yi mamakin yadda maganar dattijon ta yi daidai da abin da Carlos Crivelli ya samu a tsibiran Trobriand a 2016: fuskar da Turawa ke kira ta tsoro, ido a zare baki a buɗe, matasan can barazana suka ɗauke ta. A 2019 kuma masana biyar, cikinsu har da Lisa Feldman Barrett, suka bi diddigin bincike sama da 1,000, suka ce motsin fuska shi kaɗai bai isa a gane abin da ke ran mutum ba. Mai fushi na iya murtuke fuska, yana iya yin shiru, yana iya dariya.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ban ƙaryata karin maganar ba, sai dai a ganina ta fi aiki tsakanin waɗanda suka san juna. Matarka ce ke karanta fuskarka, don ta san yadda take jiya.

Abin da ya fi kama ni daga aikin su Ekman shi ne gwajin da Friesen ya ba da rahotonsa a 1972. An nuna wa ɗalibai 'yan Amurka da 'yan Japan fim mai tayar da hankali. In suna su kaɗai fuskokinsu kusan iri ɗaya. Da wani babba ya shigo ya zauna, 'yan Japan suka lulluɓe abin da murmushi. Wato kowace al'umma na da dokokinta na abin da ake nunawa, a gaban wa, kuma yaushe. Namu dokokin sunansu kunya, kara da haƙuri, kuma a garin da jinin Fulani ya gauraya da na kowa sun fi tsanani. Duk wanda zai yi wasa da Sakkwatawa bai san su ba, fuskar wasu zai aro.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na yi kuskure, kuma dole in rubuta shi yadda ya faru.

Na karanta musu hanyar Stanislavski, wanda shi da wani abokin aikinsa suka kafa gidan wasan kwaikwayo a Mosko a 1898. A farkon koyarwarsa yakan sa ɗan wasa ya tono wani abu da ya taɓa samunsa, ya tuna ƙamshin wurin, hasken ranar, abin da ke hannunsa, har abin da ya ji a lokacin ya dawo masa, sai ya zuba shi cikin wasan. Ya samo tunanin ne daga wani masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Ribot. Lee Strasberg ya ɗauki wannan ɓangaren ya gina makaranta guda a kansa a Amurka.

Na sa kowa ya zauna ya rufe ido ya tuna ranar da aka kawo masa mummunan labari. Ban tambayi kowa ko akwai inda bai son a taɓa ba. Na san Amarya ta rasa yayanta bara a hatsarin mota, na sani sarai, kuma a raina har na yi tunanin wannan zai taimaki fitowarta. Da farko shiru ta yi. Sai na ga yatsunta sun kama bakin hijabinta suna murzawa, leɓenta na ƙasa na rawa, numfashinta na shiga guntu-guntu. Na ce ta tashi ta faɗi layinta. Ta buɗe baki, abin da ya fito sunan yayanta ne. Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya jin rarrashi. Inna ta rungume ta tana "Yi haƙuri ɗiyata, yi ta salati," har aka kira magariba ba ta dawo daidai ba. Direba ne ya samo mai Keke, Inna ta raka ta gida Mabera.

Ba layi ɗaya na wasan da ya fito daga wannan kukan. Ba Amaryar Bello muka gani ba, yarinyar mutane muka gani da na fama wa ciwo don ina son wasana ya yi kyau. Kawu bai ce mini komai ba sai da muka fito, ya ce, "Malam, amana anka ba mu ɗiyan ga." Ban sami amsa ba, ban kuma yi barcin kirki ba.

Abin takaicin, na san sauran tarihin. Stanislavski da kansa ya ja baya daga wannan hanyar, a ƙarshen rayuwarsa ya fi dogara da aikin jiki da abin da mutumin cikin wasa ke son cimma. Stella Adler, wata 'yar wasa daga Amurka, ta same shi a Faris a 1934, ta koma Amurka tana cewa ɗan wasa ya yi aiki da tunaninsa da yanayin labarin, ya bar tonon asirin kansa. Na karanta wannan, na tsallake shi don ina sauri.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ba atisaye. Ni da Inna muka je Mabera, na gaida mahaifiyar Amarya na ba ta haƙuri, na ba ita ma. Ta ce za ta dawo. Mun kafa doka: ba mai sake tambayar wani abin da ya wuce a rayuwarsa, kuma duk wanda ya ɗaga hannu a tsakiyar fitowa, an tsaya ke nan, ba sai ya faɗi dalili ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun koma ta ƙofar jiki. Wata masaniyar ƙwaƙwalwa 'yar ƙasar Cile, Susana Bloch, ita da abokan aikinta sun fara auna numfashin mutane tun shekarun 1970, suka ga kowane yanayi da irin numfashinsa, suka mayar da abin hanyar horar da 'yan wasa. Na fushi ta hanci yake shiga da fita da ƙarfi, haƙora a cije, jiki ya karkato gaba. Na tsoro fizga ne ta baki, ya tsaya a ƙirji, jiki ya ja baya. Na baƙin ciki yakan shiga a yanke-yanke, ya fita dogo ta baki, kafaɗa ta saki. Wannan na ƙarshen mu sheshsheƙa da ajiyar zuciya muke ce musu.

Na aro ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa a asibiti. Kawu yana zaune zuciyarsa na buga 74 a minti. Na ce kada ya tuna komai, ya tsaya kawai, ya kafe allo da ido, ya yi numfashin fushi. Kafin minti biyu ya kai 101, jijiyar wuyansa ta tashi, kunnuwansa suka yi zafi. Da ya zauna ya ce shi fa ya ji kamar ya mari wani, kuma bai san wa ba. Irin wannan Ekman da Levenson da Friesen suka wallafa a 1983: sun sa 'yan wasa motsa tsokar fuska ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ambata musu sunan yanayin ba, bugun zuciya ya tashi, kuma yatsu sun fi ɗumi a fuskar fushi a kan ta tsoro. Ba na son in zuzuta abin, don sanannen gwajin nan na 1988 da aka ce riƙe biro da haƙora na sa mutum ya fi jin dariya, ɗakunan bincike 17 sun maimaita shi a 2016 ba su samu haka ba. Fuska ita kaɗai ƙarfinta kaɗan ne. Numfashi da tsayuwa da inda ido ya kafe, in sun haɗu, su ne na ga suna aiki a ajinmu.

Kawu, wanda almajiri ne tun kafin ya zama ɗan wasa, ya tuna mana hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ya ce in canza zama na kashe fushi, to canza tsayuwa na iya kunna shi.

Abin da na fi murna da shi shi ne hanyar fita. Bloch ta tanadi yadda ɗan wasa zai sauke abin da ya ɗauka: ya miƙe tsaye ƙafafu a daidaita, ya kalli nesa, ya ja numfashi ta hanci yana ɗaga hannuwa sama, ya sake shi a hankali ta baki yana saukewa, sau uku, ya shafe fuska ya karkaɗe jiki. Sakin numfashi a hankali na rage gudun zuciya ta hanyar wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki. Yanzu da wannan muke rufe kowane zama. Amarya ta yi numfashin baƙin ciki yau, ƙwalla ta cika mata ido, ta faɗi layinta duka, ta fita, ta nemi a miƙo mata ruwa.

Laraba, 4 ga Disamba

Hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, rabinmu na tari. Auta ya zo da man zafi ya ce haka ake yi a wurin ɗaukar fim, a shafa a ƙasan ido. Na hana. Hawayen da man zafi ko albasa ke kawowa na wanke ido ne kawai. Kukan gaske yana toshe maƙoshi, ya karya murya, ya sauko ta hanci, don akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa cikin hanci. Mai zaune a layi na goma ma ba ya ganin hawaye, murya yake ji.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun maimaita gwajin Kuleshov, wani mai shirya fim a Rasha wajen shekara ɗari da suka wuce. Yadda almajirinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki fuskar ɗan wasa guda ba ta nuna komai, aka haɗa ta da kwanon miya, da gawa a akwati, da yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yabon gwanintarsa, wai ga zurfin tunani, ga jimami, ga murmushin jin daɗi, alhali hoton ɗaya ne.

Mu muka ɗauki Inna daƙiƙa shida tana kallon ƙasa, na ce ta ƙirga tayil kawai. Auta ya haɗa a wayarsa: ɗaya da ƙwaryar fura, ɗaya da jariri a goye, ɗaya da jakar Bello a kan tabarma. Muka tura wa mutane daban-daban, kowa guda. Wadda ta ga na jakar, wata malama abokiyar aikina, ta kira ni ta ce, "Matar nan ta iya, kamar zuciyarta za ta fashe."

Wannan ya sauya mini tunanin fitowa ta ƙarshe gaba ɗaya. Nauyin ba a fuskar Inna kaɗai yake ba. In mun gina komai daidai tun farko, 'yan kallo da kansu za su kawo baƙin cikin su ɗora mata. Aikinta kada ta tare musu hanya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Tun farko na rubuta cewa in Inna ta buɗe jakar za ta kira sunan Bello da ƙarfi, karo na farko a rayuwarta, tunda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ina ji da wannan layin ƙwarai. Inna ta ce ba ta yarda da shi ba, muka yi ta ja, sai ta ce mu je mu tambayi goggonta a Kanwuri, tsohuwa da ta haura tamanin, wadda ta binne ɗanta na fari shekaru da dama da suka wuce. Na tuna abin da ya faru a Nuwamba, na ce sai in ita ta so. Aka tambaye ta, ta ce mu zo.

Mun same ta a tsakar gida tana jan carbi, ga kaskon wuta a gefe. Bayan gaisuwa Inna ta ba ta labarin wasan, ta kawo zancen sunan. Tsohuwar ta girgiza kai. "Ba ta hwaɗin sunanai. Da shina da rai ba ta hwaɗi ba, sai da ya mutu? Mutane na nan fa." Na ce, "To Goggo, mi za ta yi?" Ta ce ranar da aka kawo mata nata labarin tana tankaɗe. Ta yi salati, ta ce Allah shi jiƙan shi, ta ci gaba da tankaɗen, don akwai baƙi kuma sai an ci tuwo. Kishiyarta ce ta zo ta karɓe rariyar, ta ce garin ya ƙare tun ɗazu, rariya kawai take kaɗawa. Kuka kuwa sai da dare, da ta shiga ɗaki ta ga takalmansa.

Tana faɗa tana jan carbinta, muryarta ba ta canza ba. Sai dai na lura ɗan yatsanta ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya, bai wuce ta ba har ta gama.

A hanyar komawa muka bi ta gefen Hubbaren Shehu. Inna ta ce kada in ɗauka matan garin nan ba su da bakin faɗin baƙin ciki, Nana Asma'u da ke kwance a nan ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa wasu da dama. Akwai wurin da aka ware wa abin, akwai lokacinsa. Kawu kuma da na ba shi labari ya kawo abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Na soke layin. Na sa a nemo rariya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na tambayi Inna me take ji a lokacin da take kaɗa rariyar. Ta ce gaskiya tana lissafin numfashi ne, tana sauraron takun Amarya don ta san lokacin sakin hannu, tana kuma fargabar kada zanenta ya kama ƙafar kujera. Ta faɗa da ɗan jin nauyi, kamar ta yi laifi.

Na ce mata ba ita kaɗai ba ce. Diderot na Faransa ya rubuta tun ƙarni na 18 cewa gwanin ɗan wasa shi ne mai sanyin kai a lokacin da 'yan kallo ke kuka, don wanda abin ke kwasa da gaske yau zai yi kyau gobe ya lalace. Wata mai bincike a Holan, Elly Konijn, ta tambayi ƙwararrun 'yan wasa masu yawa, ta samu abin da suka fi ji a kan dandamali shi ne na aikin kansa, wato ɗoki, fargaba, natsuwa da daɗin abu na tafiya daidai, ba lallai abin da mutumin cikin labari ke ji ba. Wannan fargabar ma ba asara ba ce, ita ke sa hannunta rawa kaɗan, 'yan kallo kuma su karanta rawar yadda labarin ya nuna musu.

Duk da haka ta ce akwai daƙiƙa guda, in Amarya ta taɓa mata hannu, da wani abu ke taso mata wanda ba ta kira shi ba. Na ce ta bar shi ya zo, kada ta bi shi, kada ta kore shi.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin farko a gaban mutane. Mun gayyaci kusan talatin, 'yan'uwa da maƙwabta, mata a dama maza a hagu. Wuta ta ɗauke ana fitowa ta biyu, muka ci gaba da fitilar caji guda biyu.

Direba ya yi sallama sau biyu. Ya ajiye jakar a bakin tabarma ya tsuguna, bai ɗaga kai ba. Inna ta dubi jakar sau ɗaya, ta yi salati can ƙasa, ta koma ga rariyarta. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar rariya a tafin hannu, har garin ya ƙare ƙarar ta canza ta zama fayau. Na ƙirga daƙiƙa arba'in kafin Amarya ta taso ta riƙe mata hannu. A layi na biyu wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska, wani dattijo a bayan aji ya ce "Allahu akbar" bai san ya faɗa da ƙarfi ba.

Akwai gyara da yawa. Fushin Kawu a fitowa ta uku ya yi wuri, ya kai ƙarshensa tun layi na biyu, sauran duk ihu ne. Ranar Laraba za mu gwada shi a zaune, murya ƙasa, mu ga ko zai fi tsoratarwa. Direba har yanzu yana nuna nadama da gira, na ce ya mayar da ita ga hular da ke hannunsa. Matasa biyu daga cikin 'yan kallo sun ce su ba su gane me ya sa uwar ba ta yi kuka ba, ɗaya ma ta ce kamar ba ta damu ba. Wannan ya tsaya mini a rai, don su ma don su muke yi. Inna na ganin a ƙara gajeriyar fitowa ta dare, ita kaɗai a ɗaki da takalman Bello, ba magana. Kawu na ganin rariyar ta isa, ƙari zai rage mata ƙarfi. Ban yanke ba tukuna. Za mu gwada duka biyun ranar 1 ga Fabrairu, mu sake kiran matasan nan biyu su zauna a gaba.

Har yanzu ba mu sami zauren da za mu nuna wasan ba, kuma saura mako biyar azumi. Auta zai nemo takalma sau-ciki masu ɗan tsufa, lamba 43.